Mako guda a Zanzibar, yara suna Zariya

Ranar da na kai takardar neman hutun shekara ofishin kula da ma'aikata, jami'in da ya karɓa ya tambaye ni ko gida zan nufa kamar yadda na saba. Na ce masa a'a, Zanzibar za mu je, ni da uwargida. Ya ce, "Yara fa?" Na ce za su zauna wurin kakarsu a Zariya. Sai ya ajiye alƙalami ya dube ni, irin duban da ake yi wa wanda ya faɗi abin da bai kamata a ji a bainar jama'a ba.

Wannan tambaya ta "yara fa?" ta bi mu tun daga Sakatariyar Tarayya har bakin tekun Indiya. Yayata ta yi mini ita, abokan aikin uwargida sun yi mata ita, mu kanmu mun yi ta yi wa juna ita cikin dare. Dalilin da ya sa na ga ya dace in rubuta labarin tafiyar ke nan, domin na san akwai ma'aurata da yawa a Kubwa da Lugbe da Nyanya da suka taɓa yin wannan tunani, suka haɗiye shi saboda kunya.

Hutun da ba hutu ba

Babban ma'aikacin gwamnatin tarayya yana da hutun kwana talatin a shekara, amma kowa ya san inda kwanakin suke tafiya. Akwai ɗaurin auren ƙane, akwai ta'aziyyar da ba a samu zuwa ba, akwai gyaran rufin gidan iyaye kafin damina, akwai kai tsoho asibiti. Wanda kuwa yake hadimin minista ko na ɗan majalisa, hutunsa yana hannun mai gidansa, kuma waya ɗaya ta isa ta dawo da shi daga Kaduna cikin dare. Waɗannan duk haƙƙoƙi ne, ba wanda zai ce a yi watsi da su. Sai dai da na zauna na ƙirga, na tarar a shekara goma sha huɗu na aurenmu ba mu taɓa yin kwana biyu a jere mu kaɗai ba tun da aka haifi ɗanmu na fari.

Mu biyu duk ma'aikata ne. Muna fita daga Kubwa kafin ƙarfe shida da rabi don mu riga cunkoso, mu sauke yara uku a makaranta, mu dawo bayan magariba. Hirarmu ta cikin mota ba ta wuce kuɗin makaranta, da gas ɗin girki, da katin wutar lantarki, da wanda zai je taron iyayen yara. Ba faɗa muke yi ba. Da ma faɗa ne, da an san akwai abin sasantawa. Mun zama kamar ma'aikata biyu da aka haɗa a ofishi ɗaya, kowa ya san aikinsa, kowa yana ganin girman ɗan'uwansa, ana miƙa wa juna fayil. Na sha zuwa taro a ƙasashen waje da kuɗin gwamnati, in dawo mata da turare da atamfa, amma ban taɓa zama kusa da ita a cikin jirgin sama ba.

Ita ce ta fara furta maganar. Wata rana muna tsaye cak a kan titin Kubwa ta ce, "Malam, in yaran nan suka girma suka watse, me za mu riƙa cewa da juna?" Na yi dariya, amma ban samu amsa ba har muka isa gida.

Barin yara wurin kaka kuwa ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Wurin kaka ake kai yaro yaye, kuma da yawa cikinmu a hannun kaka ko gwaggo muka tashi. Ba wanda yake ganin laifin mace in ta bar 'ya'yanta ta tafi aikin Hajji, ko kwas na wata uku, ko jinyar mahaifiyarta. Abin da yake sabo, wanda ya sa ake ɗaga gira, shi ne a ce miji da mata sun bar yara don su tafi su zauna da juna kawai, ba da wani uzuri ba. Surukata da muka je mata da maganar muna ta kewaye-kewaye, ita ce ta fi kowa saurin fahimta. Ta ce mu kawo mata jikokinta, mu tafi Allah ya kiyaye hanya.

Kuɗi da takardu

Ba zan ɓoye ba, tafiyar ta ci kuɗi. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin naira a kasuwa a watan da ya biyo baya, duk abin da ake biya da dala ya yi wa mai albashi nisa. Shekara biyu muka yi muna zuba adashe a ƙungiyar ma'aikata ta ofishinmu, kuma muka yi alkawari tsakaninmu cewa ba za mu ci bashi ba, ba za mu taɓa kuɗin makarantar yara ba. Da ɗayan biyun nan ya zama dole, da mun fasa, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mun zaɓi Zanzibar saboda dalilai uku. Tana cikin Afirka, kusan dukkan mutanenta Musulmi ne, don haka babu fargabar abinci ko wurin salla, sannan watan Agusta da makarantu suke dogon hutu ya faɗo cikin lokacin da babu ruwan sama sosai a can. Babbar daminarsu daga Maris zuwa Mayu take, ƙaramar kuma wajajen Nuwamba da Disamba.

Zanzibar yanki ne na ƙasar Tanzaniya mai ƙwarya-ƙwaryar 'yancin cin gashin kai, yana da shugabansa da majalisarsa. Manyan tsibiransa biyu ne, Unguja da Pemba, kuma Unguja ce mafi yawan mutane suke nufi in sun ce Zanzibar. Mai fasfon Najeriya ba ya samun biza a filin jirgi, sai ya nema ta intanet tun da wuri ya jira amincewa, saboda haka kada a sayi tikitin da ba a iya sauya ranarsa kafin biza ta fito. Ana buƙatar katin rigakafin cutar shawara. Tun daga watan Oktoban 2024 kuma gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshorarta ta tafiya a kan dala 44, ko da yana da wata inshorar. Daga Abuja ta Addis Ababa muka bi, muka sauya jirgi, muka sauka a filin jirgin sama na Abeid Amani Karume, wanda aka raɗa wa sunan shugaban Zanzibar na farko bayan juyin juya halin 12 ga Janairun 1964. A watan Afrilun shekarar ne tsibiran suka haɗe da Tanganyika aka samu Tanzaniya.

Daren farko a tsohon gari

Kwana uku na farko a tsohon birnin muka yi su, wanda Turawa suke kira Stone Town, masu gari kuma suke ce masa Mji Mkongwe. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Gidajensa na dutsen murjani ne, benaye ne dogaye da suka matse juna, lungunansa kuwa mota ba ta shiga, sai babur da keke. Wanda ya san cikin birnin Zariya ko unguwannin da ke bayan kasuwar Kurmi a Kano ba zai ji baƙunta ba: ga dakali a ƙofar kowane gida, ga dattawa suna shan gahawa bayan la'asar, ga yara da allo da farar hula suna dawowa daga makaranta. Ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla su ne abin alfaharin garin, kuma a da daga ƙofa ake gane matsayin mai gida.

Harshensu ma yana da ƙanshin gida. Swahili ya ari kalmomi daga Larabci kamar yadda Hausa ta ara. Suna cewa habari inda muke cewa labari, sabuni inda muke cewa sabulu, Alhamisi da Ijumaa sunansu ɗaya da namu, kuma in mai shago ya ce ishirini ko hamsini ba sai an yi maka tafinta ba. Abin da ya rikita mu shi ne agogo. Banda cewa sun riga Najeriya da awa biyu, suna fara ƙirga awanni ne daga fitowar rana, don haka ƙarfe bakwai na safe a wurinsu "saa moja" ne, wato ƙarfe ɗaya. A masallaci kuma na lura yawancinsu Shafi'awa ne, liman yana bayyana Bismillah a karatun Fatiha.

Da magariba muka gangara lambun Forodhani da ke bakin ruwa, inda masu abinci suke kafa tebura kowane dare. Muka sayi gasasshen kifi da ruwan rake da aka matse da citta da lemun tsami, muka zauna muna kallon samari suna tsalle daga kan katanga suna faɗawa teku. A nan ne abin da ban yi tsammani ba ya faru. Muka rasa abin faɗa. Ta ce da Auta yana nan da ya ji daɗin kallon yaran nan. Na ce haka ne. Ta ce ko sun ci abinci yanzu? Na ce bari mu kira. Muka kira, karo na huɗu ke nan a ranar. Surukata ta ɗauka ta ce, "Ku ba hutu kuka tafi ba? Ku bar mu mu sarara." Ta kashe wayar.

A daren muka ƙulla yarjejeniya: kira sau ɗaya a rana, bayan sallar isha'i ta Zariya, kuma wayar ofis tana cikin akwati. Shirun da ya biyo baya ya yi nauyi, ba zan ce bai yi ba.

Inda aka raba uwa da ɗa

Zanzibar ba rairayin bakin teku kaɗai ba ce. Arzikinta na ƙarni na goma sha tara a kan abu uku ya ginu: kanumfari, da hauren giwa, da bayi. Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa daga Maskat zuwa nan a wajajen 1840, ya faɗaɗa gonakin kanumfari, kuma bayin da aka kwaso daga cikin nahiyar ne suke noma su. A shekarar 1873, bisa matsin lambar Ingila, Sarki Barghash ya rufe kasuwar bayi, aka gina majami'ar Anglikan a filin. Shi ne kuma ya gina Beit al-Ajaib a 1883, gidan da ya fara samun wutar lantarki a tsibirin, wanda wani ɓangarensa ya rufta a watan Disamban 2020. A gaban wannan gida ne jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fadar sarki ruwan wuta a ranar 27 ga Agustan 1896, yaƙin da bai kai awa ɗaya ba, wanda ake kira mafi gajarta a tarihi.

A harabar tsohuwar kasuwar bayin an gangara da mu wasu ɗakuna biyu na ƙarƙashin ƙasa, masu gajeren rufi da ƴan tagogi kamar tsagar bango. A waje kuma akwai rami da aka tsayar da mutum-mutumi na dutse a ciki, sarƙa ta haɗa wuyansu. Uwargida ta daɗe tsaye a bakin ramin ba ta ce komai ba. Da muka fito ta ce tun da muka taso take jin kamar ta aikata laifi, alhali ta san inda 'ya'yanta suke, ta san hannun da suke, ta san ranar da za ta koma. Daga nan hira ta ɓalle, ba a kan yara ba. Ta ba ni labarin kakarta da abin da take faɗa game da zamanin hare-haren kama bayi a ƙasarmu, labarin da ban taɓa ji daga bakinta ba a shekara goma sha huɗu. Ni ma na tuna wasu na gidanmu. Har muka yi sallar azahar muna kan maganar.

Washegari muka je gonar kayan yaji a wajen gari. Mu da muke zuba kanumfari da kirfa da masoro a kunu da shayi kullum, ranar muka fara ganin yadda suke a jikin itace. Kanumfari ashe tohon fure ne da ake tsinkewa kafin ya buɗe, a shanya shi har ya yi duhu. Kirfa ɓawon itace ce. Mai gonar ya ce yanzu Pemba ce take noma mafi yawan kanumfarin tsibiran. Uwargida ta yi ta dariya ganin yadda na kasa gane ganyen citta.

Matan da ke noma a cikin teku

Sauran kwanakin a Jambiani muka yi su, wani ƙauyen masunta a gabashin tsibirin. Mun guji manyan otal-otal na arewa, wajajen Nungwi, inda aka fi samun kiɗa da barasa da shigar da ba mu saba da ita ba. Muka kama ɗaki a ƙaramin masauki, masallacin ƙauyen yana bayanmu. Mace mai hijabi ba ta zama abin kallo a nan, domin matan garin ma a lulluɓe suke shiga ruwa.

A wannan gefe teku yana janyewa sau biyu a kowace rana, ya yi nisa har mutum ya yi ta tafiya a kan farin yashi bai kai ga ruwa mai zurfi ba. Da zarar ya janye sai mata su fito da buhuna da igiyoyi. Noman ciyawar teku suke yi, sana'ar da ta kafu a tsibirin tun ƙarshen shekarun 1980. Suna kafa turaku a yashi, su ɗaura igiya, su ɗaɗɗaure ƙananan rassan ciyawar a jiki, bayan makonni su girbe su shanya, a sayar wa masu fitarwa ƙasashen waje inda ake sarrafa ta a saka cikin abinci da man goge baki da kayan shafa. Aikin wahala ne, a duƙe cikin rana da ruwan gishiri, kuma kuɗinsa kaɗan ne.

Uwargida ta tattare zaninta ta shiga cikinsu. Wata dattijuwa ta tambaye ta da hannu da ido ko tana da yara. Ta ɗaga yatsu uku. Matar ta waiga tana neman su. Uwargida ta yi amfani da kalmar da ta koya ta ce suna wurin "bibi", wato kaka. Dattijuwar ta yi dariya, ta nuna wata yarinya da ke riƙe mata igiya, ta buga ƙirjinta, ma'ana ita ma jika take riƙo.

Zazzaɓin Auta

A dare na biyar aka jarraba mu. Da muka kira, babban ɗanmu ya ɗauka, kuma kafin kakarsa ta karɓe wayar ya riga ya ce Auta ba shi da lafiya tun jiya. Zazzaɓi ne. Surukata ta ɓoye mana don kada hankalinmu ya tashi. Uwargida ta miƙe ta fara haɗa kaya. Na ce mata ko yanzu muka tashi ba za mu isa Zariya ba sai bayan kwana ɗaya da wani abu. Ta ce da ma ta san bai kamata mu zo ba. Na ce ai ita ta kawo shawarar. Wannan ita ce magana mafi muni da na faɗa a tafiyar, kuma na ba ta haƙuri kafin gari ya waye.

A nan muka gane kuskurenmu. Mun bar kuɗin abinci da na ko-ta-kwana, amma ba mu tuna cewa katin inshorar lafiyar yaran a wani asibitin Abuja aka yi masa rajista ba, ba mu kuma rubuta wa kakarsu nauyin kowane yaro da maganin da ba ya karɓar sa ba. Ƙanen uwargida ne ya kai yaron asibiti, aka gwada jini, aka tabbatar zazzaɓin cizon sauro ne, aka fara magani, muka tura kuɗi daga inda muke. Daren ba mu runtsa ba. Muna zaune a baranda muna jin ƙarar ruwa yana dawowa, muna jiran asuba ta yi a Zariya. Da hantsi aka turo mana hotonsa zaune a tabarma yana shan koko. Uwargida ta yi kuka, sannan ta mayar da kayan da ta haɗa cikin durowa.

Duk wanda zai yi irin wannan tafiya, ya bar wa mai riƙon yara takarda guda da ke ɗauke da bayanin lafiyar kowannensu, da sunan asibitin da za a je a garin da suke, da mutum ɗaya mai mota da za a iya kira cikin dare. Ya kuma roƙi tsohuwa kada ta ɓoye masa komai, domin jin labari daga bakin yaro ya fi tayar da hankali.

Dawowa

A rana ta ƙarshe muka shiga ɗaya daga cikin jiragen katakon nan masu tafiya da iska, irin waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna zirga-zirga tsakanin wannan gaɓa da ƙasashen Larabawa da Indiya. A cikinsa ne ta faɗa mini cewa ta daɗe tana son komawa karatun digiri na biyu, amma ba ta taɓa ganin lokacin da ya dace ta ɗauko maganar ba. Ni kuma na faɗa mata abin da nake ɓoyewa, cewa ritayata ba ta da nisa kamar yadda nake nunawa, kuma ban san abin da zan yi bayanta ba. Waɗannan maganganu biyu a falonmu na Kubwa ya kamata a ce an yi su tun tuni. Ba a yi ba, sai da muka ƙetare nahiya.

Ba na cewa sai an je Zanzibar. Mafi yawan masu albashi ba za su iya ba a wannan yanayi, kuma mu ma ba mu san ranar da za mu sake ba. Kwana biyu a Jos, ko a wani masauki a gefen Abuja, za su iya yin aikin, in dai an kai yara hannun da aka amince da shi, an kashe wayar ofis, an kuma yi haƙuri da shirun daren farko.

Da muka isa Zariya, yaran suka fito da gudu, suka wuce mu suka nufi akwati. Auta ya rame kaɗan, amma ya koyi cin tuwon dawa da miyar kuka, abin da muka yi shekara muna fama da shi a kai. 'Yar tsakiyar ta iya daka yaji. Muka miƙa wa surukata ƙunshin kanumfari da kirfa da zanen kanga guda biyu. Ta juya su, ta shinshina kanumfarin, ta ce na kasuwar Sabon Gari bai kai shi ƙarfi ba. Sannan ta ce a dogon hutu mai zuwa a sake kawo mata jikokinta, ko za mu je wani wuri ko ba za mu je ba. Uwargida kuwa ta sayi fom ɗin makaranta a watan da ya biyo baya, kuma yanzu ni nake kai yara Islamiyya ranar Asabar.